Hawan duwatsun Abzin: yadda ake tafiyar ayari zuwa ƙololuwar Nijar

Mutumin Bambeye ko na Keita ba baƙon dutse ba ne, tunda a Adar Dutsi aka haife shi. Sai dai tuddan Adar ba su kai mita 800 ba. Wanda ke son ganin dutse mai taɓa gajimare a ƙasar Nijar sai ya kama hanyar arewa daga Tawa, ya ratsa Abalak, ya yi kimanin kilomita 400 zuwa Agadas. Daga nan duwatsun Abzin ke farawa, waɗanda ake kira Ayar a taswira. Ba a shiga cikinsu mutum shi kaɗai. Tun zamanin fatake har zuwa na ƴan yawon buɗe ido, ayari ake yi, da madugu a gaba.

Inda duwatsun suke

Abzin ya mamaye fili fiye da murabba'in kilomita 80,000. Tsibi-tsibi ne na manyan duwatsu, da kwaruruka da koramu a tsakaninsu. Mafi tsayi shi ne Idukal-n-Tages da ke kan tudun Bagzan, mai mita 2,022, kuma babu inda ya fi shi tsayi a duk Nijar. Can arewa akwai Gereban mai mita 1,944, wanda aka daɗe ana zaton shi ne kan gaba. Kusa da Iferwan kuma akwai Tamgak mai zurfafan kwazazzabai.

Bagzan ne aka fi hawa, domin akwai mutane a samansa. Ƙauyuka ne na Abzinawa masu lambunan albasa, tafarnuwa da dankalin turawa, kuma bisa jakuna ake sauko da amfanin gona ta ƴan siraran hanyoyi. Waɗannan hanyoyin ne baƙi ke bi. A Timiya kuwa akwai lambunan lemu da rumman, da ruwa mai zubowa daga kan dutse. Ba nisa daga nan akwai kangayen tsohon garin Asode.

Adar da Abzin ba bare ba ne ga juna. Gidan sarautar Sarkin Adar na Illela ya samo asali daga Agabba, ɗan Sarkin Agadas, wanda ya ci Adar a ƙarshen ƙarni na 17. Gobirawa ma na cewa daga Abzin kakanninsu suka gangaro kudu.

Yadda ake shirya tafiyar

Lokacin tafiya shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da rana iska na da daɗi, amma da dare sanyi kan tsananta a kan tudu har ruwa ya kusa ƙanƙara, don haka bargo da rigar sanyi dole ne. Da bazara zafi ba ya barin tafiyar ƙafa. Da damina kuwa haɗarin na cikin korama: ana iya yin ruwa a wani dutse mai nisa, ambaliya ta sauko ta tarar da waɗanda suka yi zango a busasshen kwari. Mutanen Agadas ba su manta da ambaliyar Satumban 2009 ba.

Mota ce ke kai ayari gindin dutse. Daga nan sai ƙafa. Raƙuma na ɗaukar kaya a kwari, jakuna su karɓa inda hanya ta yi tsauri. Kowane ayari na da ɗan jagora wanda ya san rijiyoyi da tafkunan cikin dutse, da mai dafa abinci, da masu kula da dabbobi. Ana tashi da asuba, a ya da zango kafin rana ta take, a ci gaba da la'asar. Guzuri shi ne dabino, cuku, shayi, da burodin da ake gasawa cikin rairayi ƙarƙashin garwashi.

Ƙa'idar ayari ba ta da yawa, amma karya ta na iya cin rai. Ba a barin kowa a baya. Saurin ayari shi ne saurin mafi rauni a cikinsa. Ruwa ne ke yanke tsawon tafiyar yini, ba kuzarin matasa ba. Idan jagora ya ce a juya, an juya, ko da ana hangen ƙololuwa. Dalili kuwa a fili yake: a yawancin wuraren waya ba ta kamawa, kuma wanda ya karye sai an sauko da shi bisa jaki kafin a kai ga mota, sannan a nemi asibiti.

Sana'ar da ta tashi ta faɗi

A shekarun 1980 Agadas ta yi suna wajen masu yawon hamada. Mano Dayak, wanda filin jirgin saman garin ke ɗauke da sunansa, na cikin waɗanda suka kafa kamfanin kai baƙi. A 1991 hukumar UNESCO ta sa gandun Ayar da Tenere, mai hekta miliyan 7.7, cikin kayan gadon duniya. Shekara guda bayan haka ta sa shi cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari saboda tawaye.

Bayan sulhun 24 ga Afrilun 1995 baƙi suka dawo, har jirage na zuwa kai tsaye daga Faransa a lokacin sanyi. Direbobi, maƙeran azurfa, masu raƙuma da masu lambu duk sun ci moriya. Tawayen MNJ da ya fara da harin Iferwan a Fabrairun 2007 ya tsayar da komai, ya bar nakiyoyi a wasu hanyoyi. Sace mutum bakwai a Arlit a Satumban 2010 ya ƙarasa abin da ya rage. Da yawa daga cikin ƴan jagora suka koma jigilar matafiya zuwa Libiya, ko haƙar zinariya a Jado bayan 2014.

Mai niyya ya sani

Hanyoyin Bagzan na nan, mazaunansa na hawa da sauka kullum, kuma bikin Ayar da ake yi a Iferwan na jawo ƴan ƙasa daga jihohi daban-daban. Ƙungiyar matasa ko ta ɗalibai daga Tawa da ke son zuwa ta fara da tambayar hukumomin jihar Agadas halin tsaro, ta ɗauki jagora ɗan yankin, ta sanar da jandarma hanyar da za ta bi da ranar dawowa. A nemi izinin mai gari kafin a yi zango, kada a ɓata ruwan tafki da sabulu, kada a taɓa zanen da mutanen da suka bari a jikin duwatsu. Kuɗin da aka biya jagora da mai jaki, a ƙauyukan dutsen yake tsayawa.