Tarihin Tace Hayaniya a Rediyon Masu Sha'awa

Matacin hayaniya na'ura ce ko manhaja da masu sha'awar rediyo ke amfani da ita don ware muryar da ke zuwa daga nesa daga ƙarar da ta lulluɓe ta. Masu wannan harka kan kira hayaniyar tsawa da walƙiya QRN, katsalandan na wasu tashoshi kuma QRM.

Babban ci gaba na farko ya zo ne daga James Lamb, editan fasaha na mujallar QST a Amurka. A 1936 ya fito da wata dabara wadda ke toshe kunnen rediyo na ɗan ƙiftawar ido duk lokacin da tartsatsin fulogin mota ya buga. Gibin yana da ƙanƙanta har kunnen mutum ba ya lura da shi. Wannan dabara ta sake yin rana daga 1976 zuwa 1989, lokacin da na'urar hangen makamai ta Tarayyar Sobiyet mai suna Duga ta cika gajeren zango da ƙwanƙwasa, kusan sau 10 a kowace daƙiƙa.

A 1952 kamfanin Collins ya sa matacin ƙarfe a rediyonsa 75A-3, wanda ya tsuke ƙofar da sauti ke shigowa. Amma tsuke ƙofa ba ya korar hayaniyar da ta riga ta cakuɗe da murya. Maganin wannan ya fito daga lissafi. A 1960 Bernard Widrow da ɗalibinsa Ted Hoff na Jami'ar Stanford suka tsara hanyar da mataci zai riƙa gyara kansa: yana riƙe sautin da ke da tsari, kamar muryar mutum, ya rage wanda ba shi da kan gado. Sai da kayan kwamfuta suka yi araha kafin dabarar ta isa hannun talaka. A 1992 Dave Hershberger ya wallafa a QST yadda mutum zai haɗa akwatin irin wannan mataci da kansa, ya maƙala shi tsakanin rediyo da lasifika. A 1995 kamfanin Kenwood ya saka fasahar a cikin rediyonsa TS-870S.

Duk da haka, mataci yana da iyaka. Idan aka matsa masa, murya kan koma kamar daga ƙarƙashin ruwa take fitowa. Shi ya sa gwanaye ke fara gyara eriya da kashe kayan lantarkin da ke haddasa ƙarar, kafin su taɓa maɓallin tacewa.