Daga "Ikon Allah" Zuwa Azuzuwan Samaru: Tarihin Koyar da Tushen Kimiyya a Zariya

Gabatarwa

Wanda ya taso daga Zabi ya bi ta Sabon Gari zuwa Samaru, zai ratsa wani yanki da ba shi da tamka a Arewacin Nijeriya wajen tarin makarantu da cibiyoyin bincike. Amma duk da haka, da wuya ya sami littafin Hausa a hannun ɗalibin Islamiyya ko limamin unguwa wanda ke bayyana yadda jini ke kewaya jiki, ko aikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ko yadda ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa. Wannan maƙala tana bin tarihin wannan giɓi, domin ta nuna cewa an taɓa buɗe hanyoyi biyu na koyar da tushen kimiyya a Zariya, ɗaya da Hausa ɗaya da Ingilishi, sai ta biyun ta bunƙasa, ta farkon kuwa ta tsaya.

Matsayin Magabata

Tun kafin zuwan Turawa, malaman ƙasar Hausa sun san hukuncin waɗannan fannoni. Imam al-Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya sanya ilimin ɗibbu da hisabi cikin farillan kifaya a littafinsa Ihya'u Ulumid Din, har ya koka da yadda Musulmin zamaninsa suka yi rububin mas'alolin saɓani na fiƙihu alhali garuruwansu ba su da likita Musulmi. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi talifi a kan hisabin hatimi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insan a kan maslahar addini da ta jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya bar risaloli a kan ɗibbun Annabi da ciwon ido da basir. Sai dai duk waɗannan da Larabci aka rubuta su, kuma a kan tsohon tsarin ɗibbu suka dogara, wanda ya ginu bisa ɗabi'u huɗu: zafi da sanyi da danshi da bushewa.

Hanyar Farko: Kimiyya da Harshen Hausa

Isowar jirgin ƙasa Zariya a 1911 ita ta haifar da Sabon Gari, ta kuma mayar da yankin matattarar ma'aikata da 'yan kasuwar auduga da gyaɗa. Daga baya Hukumar Fassara, wadda ta koma Hukumar Talifi a ƙarƙashin Dakta Rupert East, ta zauna a Zariya. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a 1945.

Daga wannan gida ne littafin Ikon Allah ya fara fitowa a 1949, talifin East da Alhaji Abubakar Imam, wanda ke bayani a kan duniya da ire-iren halittun da ke cikinta. Abin lura shi ne sunan da aka zaɓa masa. Mutanen da ke kallon boko a matsayin ƙofar fita daga addini, an gabatar musu da nazarin halitta a matsayin duba cikin ayoyin Mahalicci, abin da Alƙur'ani mai girma ya yi kira gare shi a wurare da dama, kamar ƙarshen Suratu Ali Imrana da Suratul Gashiya. Imam ya cancanci wannan aiki, domin ɗan malami ne daga Kagara, ya yi karatun addini kafin ya shiga Kwalejin Katsina, kuma shi ne ya rubuta tarihin Manzon Allah (SAW) da Hausa daga baya.

Wannan salo yana da makamanci a Masar, inda Shaihu Ɗanɗawi Jauhari, wanda ya rasu a 1940, ya cika tafsirinsa al-Jawahir da bayanan taurari da tsirrai da dabbobi. Amma akwai bambanci. Malamai da yawa sun soki Jauhari da ɗora wa ayoyi abin da ba su ɗauke da shi, wanda Imam al-Shaɗibi ya riga ya yi gargaɗi a kansa a al-Muwafaƙat. Ikon Allah kuwa littafin karatu ne, bai yi da'awar tafsiri ba.

Hanya ta Biyu: Samaru

A 1922 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa tashar binciken aikin gona a Samaru, a 1928 kuma ta buɗe gonar kiwo a Shika. A farkon shekarun 1950 aka buɗe reshen Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, wadda harabarta ta zama mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba, 1962. Shugabanta na farko, Norman Alexander, masanin fiziya ne. Na biyu, Ishaya Audu, likitan yara ne. Na uku, Iya Abubakar, masanin lissafi ne. A 1967 aka buɗe tsangayar koyon likitanci. Daga waɗannan azuzuwa ne Arewa ta sami likitoci da masu harhaɗa magani da injiniyoyinta, wanda hakan ya sauke wani babban ɓangare na farillar da al-Gazali ya ambata.

Sai dai da Ingilishi aka yi wannan karatu baki ɗayansa. Hukumar NORLA, wadda ta ci gaba da buga littattafan Hausa daga 1954, an rufe ta a 1959. Kamfanin NNPC da ya biyo baya a 1966 ya fi shahara da littattafan adabi da na makarantu. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi koyarwa da harshen uwa a farkon firamare, amma aiwatarwar ta yi rauni. Fannin da Hausa ta ɗan riƙe matsayinta shi ne noma, inda malaman gona na Samaru suka riƙa isar da sakamakon bincike ga manoma ta rediyo da ƙananan takardu.

Abin da Giɓin Ya Haifar

An ga illar wannan a 2003, lokacin da wasu jihohin Arewa, ciki har da Kano, suka dakatar da allurar rigakafin shan-inna. Zargin jama'a yana da tushe a tarihi, musamman gwajin magani da wani kamfanin waje ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Amma sa'ad da aka zo tantance gaskiya, likita yana magana da kalmomin da malami bai sani ba, malamin da jama'a ke saurara kuma ba shi da littafin da zai koma gare shi a harshensa. Kano ba ta koma yin rigakafin ba sai a 2004, bayan cutar ta tsallaka zuwa wasu ƙasashe. Ƙa'ida ce sananniya wurin malaman usulu cewa hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa. Mai fatawa a kan rigakafi, ko dashen gaɓa, ko mutuwar ƙwaƙwalwa, dole ne ya fara sanin haƙiƙanin abin.

Kammalawa

Tarihin Zariya ya nuna cewa Hausa ta taɓa ɗaukar nauyin bayanin kimiyya, kuma Musulmi sun karɓa da aka kawo musu shi cikin mutunta aƙidarsu. Farillar kifaya ba ta sauka da yaye ƙwararru kawai, matuƙar tushen iliminsu bai isa zaure da mumbari ba. Nauyi ne a kan jami'o'in Musulunci su haɗa malaman Shari'a da na kimiyya da na harshe, su rubuta littattafan share fage a kan ilimin halittu da sinadarai da fiziya da lafiyar jiki, su sanya su cikin manhajar ɗaliban addini, su ci gaba daga inda Imam da East suka tsaya. Allah ne Mafi sani.