Ganuwar Susa da Alƙalin da Ya Hau Jirgin Yaƙi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ƴan'uwa, Allah Ya nufe mu da ziyartar birnin Susa a ƙasar Tunisiya, bakin Bahar Rum, tafiyar kamar kilomita 60 daga Ƙairawan. Abin da ya fara tarbar mu shi ne ganuwa ta dutse wadda ta kewaye tsohon gari, zagayenta ya ɗara kilomita biyu. Sarakunan Banu Aglab ne suka ɗaga ta a shekara ta 859 Miladiyya. Dalilin kuwa, jiragen Rumawa suna yawan kawo hari ta teku, kuma in Susa ta faɗi, to hanyar Ƙairawan ta buɗe.

Cikin ganuwar akwai ribaɗi, wato gidan masu dakon iyaka, wanda aka gina hasumiyarsa a 821. Mun hau ta muna haki. Daga can sama ake hango jirgi tun yana nesa. A ƙasa ga ɗakuna ƙanana na masu tsaro, a soron sama ga masallacinsu. Babban masallacin garin ma, na shekarar 851, kai ka ce sansanin soja ne, ko hasumiyar kiran salla ba shi da ita. Ganuwar ta daɗe a tsaye, har bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka rushe sashenta na wajen tashar jirage.

To, mene ne ruwanmu da wannan gari? Daga nan ne Asad ɗan Furat ya tashi da rundunar jirage zuwa tsibirin Sisili a 827, wato 212 Hijiriyya. Malami ne, alƙalin Ƙairawan, shekarunsa sun kusa saba'in. Ya yi karatu wurin Imam Malik a Madina, ya je Iraƙi wurin almajiran Abu Hanifa, sannan ya zauna gaban Ibnul Ƙasim a Misira ya rubuta amsoshinsa. Littafin shi ne Asadiyya. Bayan shekara guda da tashin rundunar ya rasu a ƙofar birnin Sirakusa, bai ga ƙarshen yaƙin ba.

Kafin haka, Sahnun ya ɗauki Asadiyya ya koma da ita wurin Ibnul Ƙasim, suka bi ta mas'ala bayan mas'ala suna gyarawa. Malaman tarihi sun ce an aiko wa Asad ya daidaita littafinsa da wannan gyara, bai yarda ba. Sai mutane suka bar nasa suka kama na Sahnun, wato Mudawwana. Wanda ya karanta Muhtasar ya san duk inda Shehu Halilu ya ce "fiha", Mudawwana yake nufi. Ashe fiƙihun da muke biya wa yara a zaure, daga Ahalari zuwa Risala, jijiyarsa tana wannan ƙasa.

Ku duba yadda abin ya kasance. Sisili ta fita daga hannun Musulmi a 1091. Ganuwa yau ƴan yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto a gindinta. Littafin da aka yarda aka gyara kuwa ya tsallake Sahara, har yanzu da shi alƙalai da malamai ke warware zancen aure, ciniki da gado.

Muna tsaye a kan hasumiyar muka tuna gafakokin iyayenmu da gara ke ci a ɗakuna, ga magada ba su iya karanta rubutun ba. Don Allah, duk mai tsohon littafi a gida ya fito da shi ya kawo wa kwamitin masallaci, a kakkaɓe shi, a ɗauki hotonsa, a mayar masa da abinsa. Wanda kuma aka yi wa gyara a karatu, ya karɓa ko da ya girme mai gyaran.

Allah Ya jiƙan Asad da Sahnun, Ya amfane mu da iliminsu. Wassalamu alaikum.