Fuskokin Hafsoshi a Zanen Fenti da Tarihin Gabashin Sudan

A ƙarni na 19 al'ada ce a wajen manyan sojojin Turai mutum ya zauna gaban mai zane cikin cikakkun kayan sarki, a fitar da kamanninsa da fenti a kan ƙyalle mai kauri, sannan a rataye hoton a zauren gidansu ko a ɗakin cin abincin hafsoshin rundunarsa. Irin wannan zane yakan zama shaida ga masu binciken tarihi, domin launin riga da aninin kafaɗa da lambobin ƙirji suna faɗin rundunar mutum da muƙaminsa da yaƙoƙin da ya halarta, ko da sunansa ya ɓace. Yankin Gadarif, inda garin Mafaza yake a gaɓar kogin Rahad, yana da alaƙa ta kusa da waɗannan hotuna, tun da wasu daga cikin mutanen da aka zana su ne suka ci ƙasar da yaƙi.

Hafsoshin Ingila da suka yi aiki a rundunar Masar sukan ɗora jar dara, wato hular da ake kira ɗarbush, kuma suna ɗauke da muƙamai na Turkawa, irin su bimbashi, wanda ya yi daidai da manjo, da miralai, wanda ya yi daidai da kanar, shi kuwa shugaban rundunar ana ce masa Sirdar. Kitchener ya hau wannan matsayi a 1892, shekara biyu bayan Hubert von Herkomer ya zana shi cikin kaki, birnin Alƙahira a bayansa, zanen da yanzu yake gidan adana hotunan mashahuran mutane na Landan. Kitchener ne ya karya rundunar Khalifa Abdullahi, magajin Mahadin Sudan, a Karari, kusa da Omdurman, ran 2 ga Satumba 1898, kuma kwana ashirin bayan haka Kanar Parsons ya taso daga Kasala ya kama Gadarif.

Wanda ya fi kowane shahara shi ne zanen Janar Gordon da George William Joy ya yi a 1893, wanda ke birnin Leeds. An nuna Gordon tsaye a saman matakala cikin kayan sarki da dara, fuskarsa a natse, mayaƙan Mahadi suna hawowa da masu. An kashe Gordon a Khartum ran 26 ga Janairu 1885, mai zanen kuwa bai halarci wurin ba, kuma waɗanda suka ba da labarin mutuwar sun saɓa wa juna, amma hoton ya yaɗu a littattafan makaranta har ya zauna a zukatan mutanen Ingila tamkar shi ne abin da ya faru. A nan ne ya kamata mai karatu ya yi hattara, domin zane na iya faɗin gaskiya game da maɓalli da lamba, ya kuma ƙawata labarin da ke kewaye da su yadda mai biyan kuɗi ko jama'ar zamanin suke so.

Ɗaya ɓangaren, wato na Mahadi, bai bar irin wannan gado ba, saboda malamai sun ƙyamaci suranta mai rai, kuma girman jagora a wajensu yana cikin tutarsa da wasiƙunsa da hatiminsa. Kayan yaƙin Ansar, wato mabiya Mahadi, ita ce jibba, farar riga mai faci-faci masu launi wadda ta faro a matsayin alamar gudun duniya, daga baya ta zama tufar runduna da ake ɗinkawa da tsari. Hoton da ake yaɗawa da sunan Mahadi ƙiyasin mai zane ne, su kuwa kwamandojin Ansar Mahmud Ahmad da Usman Digna an ɗauke su hoto da kyamara ne bayan sun shiga hannu, abin da ke da ɗaci ga duk wanda ya san irin mazan da suke.

Haka lamarin yake ga Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya faɗi a Burmi a watan Yuli 1903, da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, wanda ya jagoranci sauran masu hijira zuwa gabas har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. Hausawa da Fulanin da suka zauna a ƙauyukan Rahad, har da Mafaza, jikokin alhazai da muhajirai ne, kuma suna riƙe da magabatansu ta hanyar nasaba da labarin baka, su lissafa wanda ya haifi wane da garin da ya baro. Su kuwa gumakan tagulla na Gordon a kan raƙumi da Kitchener a kan doki sun tsaya a Khartum har bayan Sudan ta samu mulkin kai a 1956, sannan a ƙarshen shekarun 1950 aka sauke su aka mayar Ingila, na Gordon zuwa makarantar da ke ɗauke da sunansa kusa da Woking, na Kitchener zuwa barikin sojoji na Chatham.