Noman rake da abincin gida: abin da ya kamata ƙananan manoman arewacin Ghana su sani

Rake na kawo wa ƙaramin manomi kuɗi masu kauri, amma sau ɗaya suke zuwa a shekara, kuma ba a tuƙa tuwo da rake. Shi ya sa ake samun gidan da ya sayar da gonar rake a watan Janairu, ya dawo yana awon masara a kasuwa a watan Yuli. Ga bayani kan yadda lamarin yake a yankin Tamale, da darasin da aka koya a wasu wurare.

Ina ake noman rake a yankinmu?

Rake iri biyu ne. Akwai na sha, mai taushi da yawan ruwa, wanda ake tallansa a baro da bakin tasha. Akwai kuma na masana'anta, mai tauri, wanda ake matsewa a yi sukari.

Ƙananan manoma sun fi noma na sha, a fadama. A Najeriya an san Maƙarfi da kewayen Zariya da shi. A Nijar akwai Dallol Mawri a jihar Dosso, da koramun Matamaye da Magarya a jihar Damagaram. Na masana'anta kuwa yana hannun manyan kamfanoni: Numan a jihar Adamawa, Sunti a jihar Neja, Banfora a Burkina Faso, da Ferkessédougou a arewacin Côte d'Ivoire.

A Ghana an fi noman rake a kudu. A yankin Tamale, masara da shinkafa da doya da gyaɗa da waken suya da dawa su ne kan gaba. Rake ba ya yiwuwa sai inda ƙasa ke riƙe laima.

Me ya sa ruwa ne babbar matsala?

Rake yana kwashe wata 10 zuwa 12 a gona, kuma yana buƙatar ruwa milimita 1,500 zuwa 2,500 kafin ya ƙosa. Tamale kuwa damina ɗaya gare ta, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, ruwan da ke sauka bai fi kimanin milimita 1,100 ba. Sauran watannin sai da ban ruwa.

Wuraren da ke da ruwan rani ƙalilan ne: madatsar Bontanga a gundumar Kumbungu, Golinga a Tolon, Libga a Savelugu, da bakin kogin White Volta, wanda a Burkina Faso ake kira Nakambe. Waɗannan wuraren ne kuma ke ba da shinkafa da albasa da kuɓewa da ganyen miya da rani. Ke nan duk fegin da aka ba rake, an ɗauke shi ne daga abin da zai shiga tukunya. A bakin kogi akwai wani haɗarin: idan aka buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso a watan Agusta ko Satumba, ruwa kan shanye gonaki.

Ina labarin masana'antun sukari?

Ghana ta gina masana'antun sukari biyu a shekarun 1960, a Komenda da Asutsuare, duka a kudu, kuma dukkansu sun durƙushe a farkon shekarun 1980. An sake gina ta Komenda da bashin dala miliyan 35 daga bankin Exim na Indiya, Shugaba John Mahama ya buɗe ta a watan Mayun 2016. An tsara ta matse tan 1,250 na rake a rana, amma ba ta daɗe ba ta tsaya, saboda babu isasshen rake. Manoman da suka shuka dominta suka koma neman mai saye a wani wuri.

A arewa ma, a 2014 gwamnati ta sanar da yarjejeniya da kamfanin Omnicane na ƙasar Mauritius kan masana'antar sukari a yankin Tamale, amma ba a gina ta ba.

Manomin masara idan ya rasa mai saye yana da rumbu. Manomin rake ba shi da shi, domin da zarar an sare rake zaƙinsa zai fara raguwa, ana so a matse shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

Kuɗin rake na gyara cimar yara?

Ba lallai ba ne. A 1987 cibiyar binciken manufofin abinci ta IFPRI ta wallafa nazarin da Eileen Kennedy da Bruce Cogill suka yi kan manoman rake a kudu maso yammacin Kenya. Sun tarar cewa manoman raken sun fi maƙwabtansu samun kuɗi, amma lafiyar ƙananan yaransu da girman jikinsu ba su nuna wani bambanci na a zo a gani ba. Kuɗin da ke shiga hannun mata shi ya fi komawa abinci.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin da ya zo a dunƙule yakan tafi ga rufin kwano, ko babur, ko biki, ko biyan bashi. Cefane kuwa na kullum ne.

Wannan ya shafi arewacin Ghana ƙwarai. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2014 ya nuna kashi 19 cikin 100 na yaran Ghana 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, amma a tsohuwar jihar Arewa adadin ya kai kashi 33. A binciken 2022 ma arewa ce kan gaba. Tsumburewa na faruwa ne idan yaro ya daɗe bai samu cima mai gina jiki ba, musamman daga ɗaukar cikinsa zuwa cikarsa shekara 2.

Shi kansa raken ba ya toshe wannan giɓin. Ruwa ne da sukari, yana ba da kuzari na ɗan lokaci, amma kusan ba shi da furotin ko bitamin A. Yaron da ya wuni yana shan rake zai iya ƙin tuwo da dare, alhali jikinsa bai samu abin da yake nema ba.

Me manomi zai iya yi?

Na farko, shuka a tsakanin kunya. A wata 3 zuwa 4 na farko rake bai rufe ƙasa ba, akwai rana da fili. Wake mai saurin nuna, na kwana 60 zuwa 70, ko gyaɗa, ko albasa, ko alayyafo, duk za a cire su kafin inuwa ta sauka. Manoman Indiya da Mauritius sun daɗe suna haka. Wake yana kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Cibiyar binciken aikin gona ta SARI da ke Nyankpala, kusa da Tamale, ta fitar da nau'o'in wake irin su Songotra da Padi-tuya domin wannan yankin.

Na biyu, kada rake ya cinye gona duka. A bar wa masara ko dawa abin da zai kai gida sabuwar kaka. A 2024 ruwa ya ɗauke na makonni a arewacin Ghana cikin Yuli da Agusta, har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken suya waje. A irin wannan shekara mai kuɗi ma yana shan wuya a kasuwa, kuma 'yan'uwa na ƙetaren iyaka ba su da inda za su sayo. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na uku, gayaunar mata. Ɗan fegi a gefen fadama, da zogale da rama da kuɓewa da dankalin Hausa, wanda a Nijar ake kira kudaku, yana ciyar da gida kullum. Dankalin mai jan ciki, kamar nau'in Apomuden na Ghana, yana da bitamin A sosai. Abin da ke cikin waken da ake yin tubani da ƙosai da wake da shinkafa shi ne ainihin abin da yaro ke buƙata kusa da tuwo.

Na huɗu, mazarƙwaila. A ƙasar Zazzau an daɗe ana matse rake da injin da doki ke juyawa, a dafa ruwan har ya daskare. Kilo 10 na rake kan ba da kusan kilo 1. Ita tana ajiyuwa, don haka ana iya sayar da ita kaɗan-kaɗan, kuɗi ya riƙa shigowa tsawon watanni. Tuƙar da ta rage ita ce makamashin dahuwa, ganyen kuma abincin dabbobi ne da rani.

Na biyar, a guji sayar wa dillali rake a tsaye tun bai ƙosa ba. Matsi ne ke jawo haka, kuma hatsi a rumbu ko adashi su ne maganinsa.

Idan kamfani ya zo da takarda fa?

Kafin a sa hannu, manoma su tambaya a ƙungiyance: nawa ne farashin tan, kuma wa zai duba sikeli? Kwana nawa bayan sara za a biya? Nawa za a cire na iri da taki da mota? An yarda a shuka wake a tsakanin kunya? Idan injin ya tsaya, wa zai ɗauki asarar?

A arewacin Ghana akasarin ƙasa na hannun sarakuna ne a madadin jama'a. Saboda haka baƙon manomi, ko ɗan zango da ke noma da aron gona, ya tabbatar an rubuta sunansa da iyakar gonarsa da shekarun da aka ba shi. Rake yana sake tohowa bayan sara, ana cin gyauronsa shekara biyu ko uku, kuma wanda bai da tabbacin gona zai iya shukawa wani ya girbe.