Yadda ake miƙa kiran wayar salula daga turke zuwa turke

Matafiyin da ke magana a wayar salula cikin mota kan wuce turakun sadarwa da dama kafin ya kammala hirarsa, ba tare da ya ankara ba.

Kamfanonin waya dai kan raba gari zuwa ƙananan yankuna, kowanne da turkensa. Da zarar mai magana ya doshi wani yankin, sai turken baya ya miƙa kiran ga na gaba. Idan miƙawar ta ci tura, kiran na iya katsewa.

Wani injiniya na cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka, Amos Joel, ya sami shaidar mallakar wannan fasaha a shekarar 1972.

Yadda ake miƙawa

A tsarin GSM, wanda ya soma aiki a ƙasar Finland a 1991, ya kuma iso Najeriya a 2001, wayar kan aika rahoto kusan sau biyu a kowace daƙiƙa. Rahoton na bayyana ƙarfin turken da take kai, da na maƙwabtansa shida mafiya ƙarfi. Da shi ne na'urar da ke kula da turakun ke yanke shawara.

Akasari ba a miƙa kiran sai ƙarfin sabon turken ya zarce na tsohon da wata tazara da aka ƙayyade. In ba haka ba, wayar da ke kan iyaka za ta yi ta kai-komo tsakanin turaku biyu.

A GSM wayar kan saki tsohon turke kafin ta kama sabo. A tsarin 3G kuwa tana iya riƙe biyun a lokaci guda, har sai ta tabbata a kan ɗaya.

Matsalar cunkoso

Kowane zango na GSM yana da gurabe takwas ne kacal. Idan guraben turken gaba sun cika, babu inda za a sauke kiran.

Tun da katsewar magana ta fi ɓata rai a kan rashin samun layi, injiniyoyi kan keɓe wasu gurabe domin kiran da ake miƙowa kaɗai. Sai dai kuma duk gurbin da aka keɓe ya rage wa masu son buga sabon kira, don haka tilas a daidaita.

Wajen ƙiyasta yawan guraben da ake buƙata, ana amfani da lissafin da wani masani ɗan ƙasar Denmark, Agner Erlang, ya wallafa a 1917.

Inda jama'a suka yi yawa, akan tsaga yanki zuwa ƙanana, ko a raba turke guda zuwa fuskoki uku. Amma ƙanƙantar yankuna na ƙara yawan miƙawa, shi ya sa akan bar masu gudu a mota a kan babban turke, a bar ƙanana ga masu tafiya a ƙasa.

A Mina da Arfa, kamfanonin Saudiyya kan girke ƙarin turaku na tafi-da-gidanka lokacin aikin Hajji.

A Najeriya kuwa, katsewar kira na cikin ma'aunan da hukumar sadarwa ta NCC ke dubawa. A 2012 ta ci tarar manyan kamfanonin waya huɗu sama da naira biliyan ɗaya saboda rashin ingancin aiki.