Browning Auto-5: Yadda ake gane tsohuwar bindigar farauta da shekarar ƙirarta

Browning Auto-5 ita ce bindigar farauta ta farko mai ɗura wa kanta harsashi da ta samu karɓuwa a kasuwannin duniya. John Moses Browning, ɗan Amurka, ne ya tsara ta a 1898. Da ciniki ya ƙi faɗawa tsakaninsa da kamfanin Winchester, sai ya kai zanen ga kamfanin FN da ke Herstal a Beljiyam a 1902. An ci gaba da ƙera ta har zuwa 1998.

Alamar farko ita ce doron da ke bayan gangar jikinta, wanda ya yanke a tsaye a inda ƙarfe ya haɗu da katakon gindi. Sai dai doro kaɗai ba ya isa shaida, domin Remington Model 11, wadda aka fara ƙerawa a 1905, da Savage Model 720 duk a kan zanen Browning aka yi su bisa lasisi. Ta Browning tana da ɗan maɓalli a gefen hagu mai tsare harsasan da ke cikin ma'ajiya, wanda Model 11 ba ta da shi.

Ƙirar Beljiyam tana ɗauke da hatimin gwaji na birnin Liège, wato haruffan ELG a cikin da'ira mai kambi. Daga 1940 zuwa 1946, sakamakon mamayar da Jamus ta yi wa Beljiyam, kamfanin Remington ne ya riƙa ƙera ta a Amurka. A tsakiyar shekarun 1970 aikin ya koma kamfanin Miroku na Japan. Mazaunin makulli ma yana nuna zamani: a tsofaffin yana gaban kunama, daga farkon shekarun 1950 kuma ya koma bayanta.

Lambar da aka buga a gangar jiki ta fi komai fayyace shekara. Daga 1958 ana sa lambar ƙarshe ta shekara tare da harafin samfuri, saboda haka 8G na nufin mara nauyi ta 1958. Daga 1976 aka koma haruffa biyu: Z na nufin 1, Y 2, X 3, W 4, V 5, T 6, R 7, P 8, N 9, M kuwa sifili. Ke nan RT na nufin 1976. Remington kuwa tana buga watan ƙira a jikin bututu da haruffan BLACKPOWDERX, inda B ke wakiltar Janairu, X kuma Disamba. Amma da yake ana sauya bututu cikin sauƙi, shekarar da ke jikinsa ba lallai ta zama ta bindigar ba.

Sanin shekara ya shafi lafiyar mai harbi. Yawancin masu lamba 16 da aka ƙera a Beljiyam kafin Yaƙin Duniya na Biyu an yi su ne domin harsashi mai tsawon milimita 65, alhali na yau milimita 70 ne, kuma sa shi a ciki yana ƙara matsin da ke cikin bututu. Haka nan kamfanin Browning ya yi gargaɗi kan harba ƙwayoyin ƙarfe a bututun ƙirar Beljiyam, domin suna iya kumbura shi. Shi ya sa masana ke ba da shawarar a kai tsohuwar bindiga wurin ƙwararren maƙeri ya auna ta kafin a sa mata harsashi.